Diski na Uku a Akwatin Baba Danjuma

Na ji kuna cewa ƙara diski a akwatin ajiya ba aiki ba ne: a ja murfi, a zura, a danna, a karɓi kuɗi. Haka kuka gani a bidiyon waya, kuma mai bidiyon bai yi muku ƙarya ba. Shi dai ba a Jos yake ba. Ni ma ban ce kullum da wuya ba, sau da yawa minti goma ne an gama. Amma akwai wani da ya ci mini mako uku, kuma shi nake so ku ji, tunda babu wanda zai yi bidiyonsa.

Ba da kwamfuta na fara ba. Rediyo na fara gyarawa a shagon Oga Latifu, wani Bayarabe da ke Tudun Wada, wanda ya iya Hausa fiye da yadda ya iya fara'a. Aikina na farko a wurinsa shi ne ware sukurori. Ya juye mini cikin kwano ɗaya, ya jera gwangwanayen kifi guda takwas, ya ce kowanne ya koma gidansu. Wata biyu ina wannan kafin ya bari na taɓa ƙarfen narka dalma. Mita kuwa, wadda ake auna wuta da ita, sai da na shekara kafin ya miƙo mini, kuma bai saki igiyarta daga hannunsa ba sai da ya ga na daina rawar hannu. Mu biyu ne a ƙarƙashinsa, ni da Rasaki, ɗan ƙanwarsa. Rasaki idan ya narka dalma sai ka ce tuwo ya zubar a allon rediyo, amma ya san kowane ƙarfe da sunansa da inda ake samunsa. Da muka gama koyo muka samu 'yanci, ni na buɗe wurin gyara, shi ya buɗe shagon sayar da kayan gyara a cikin gari. Rediyo ta wuce, bidiyo ya wuce, kwamfuta ta zo, duk a wurinsa nake sayen kaya. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa mayar masa da ko fiyus ba.

Ga wanda bai san akwatin ajiya ba: ɗan akwati ne da bai kai batirin mota girma ba, ana jona shi da rautar gida, wato na'urar da ke raba intanet, a cikinsa akwai ramuka da ake zura diski. Duk wanda ke gidan yana iya ajiye kaya a ciki daga wayarsa ko laftof ɗinsa, ya kuma ɗauko lokacin da ya ga dama. Masu shi a garin nan ba su da yawa. Likitoci, masu ɗaukar bidiyon biki, fasto ko malami mai tara wa'azi, sai kuma tsofaffin da 'ya'yansu suka aiko musu da shi daga waje ba tare da wani bayani ba. Waɗannan na ƙarshen su ne suka fi kira, kuma yawanci matsalarsu ita ce wani ya cire filogi ya jona dutsen guga.

Shekarar da nake ba ku labari ba ta yi kyau ba. Mutane sun koma waya gaba ɗaya, wuraren shiga intanet da nake yi wa gyara suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ofisoshin da nake zagawa suka ɗauki nasu ma'aikatan. Akwai ranakun da zan buɗe shago in share, in zauna, in rufe. A cikin kayan aikina akwai wani babban diski na waje, wanda nake kwafe kayan mutum a kai kafin in taɓa masa na'ura. Shi ne mafi tsada a jakata, kuma shi ne wanda ba a ganin amfaninsa sai ranar da abu ya lalace. Da lokacin komawar yara makaranta ya zo, na duba jakar, na ga watanni bai yi aiki ba, na sayar da shi. Na ce idan kasuwa ta buɗe zan sayi wani.

Ana cikin haka wata mata mai suna Rifkatu, malamar makaranta, ta kira ni zuwa gidan mahaifinta a Anguwan Rukuba. Mahaifin shi ne Baba Danjuma mai hoto. Duk wanda ya girma a Jos akwai yiwuwar ya taɓa tsayawa gaban labulensa mai zanen gidan sama. Ya ɗauki bukukuwan coci da na masallaci, sunan jarirai, 'yan ƙwallo, ma'aikatan kuza da suka yi kwalliya ranar albashi. Da ido ya fara ba shi matsala ya rufe situdiyo, ya kwaso nagetif ɗinsa, fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, cikin kwalaye ya kawo gida. Rifkatu ce ta zauna, hutu bayan hutu, ta mayar da su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, kowace folda da sunan mai hoto da unguwarsu. Wanta da ke waje ya aiko da akwatin ajiya aka zuba su ciki. Bayan nan ruwa ya shiga ɗakin kwalayen a wata damina, nagetif suka manne da juna suka zama dunƙule, aka zubar. Saboda haka abin da Baba ya ɗauka tsawon rayuwarsa, banda wanda ke rataye a bangon mutane, yana cikin wannan akwatin ne kaɗai.

Kuma ba ajiyar banza ba ce. Lokutan da gari ya rikice gidaje da yawa sun ƙone da kundin hotunansu. Mutane sukan zo daga unguwannin da a da ba sa shiga nan, su yi sallama, su faɗi sunan uba ko uwa, Rifkatu ta duba, ta tura musu a waya. Baba ba ya karɓar komai. Yakan dai gyara wa mutum labari, ya gaya masa wanda ya makara ranar, da wanda ya ƙi yin murmushi.

Matsalar da aka kira ni a kai ƙarama ce. Akwatin mai rami huɗu ne, diski biyu ne a ciki, kuma sun cika. Rifkatu ta samo wasu kwalaye biyu na hotunan takarda da take son ƙarawa, babu wuri. Akwatin yana kan kabad a falo, an shimfiɗa masa ɗan kyalle mai saƙa a kai kamar talabijin. Na cire kyallen, na buɗe laftof, na shiga shafin akwatin. Na duba lafiyar diskin biyu, duka lafiya. Tsarin da aka yi musu shi ne wanda nake ce wa madubi: duk abin da ke kan ɗaya yana kan ɗayan. Na tambayi wutar gidan, aka nuna mini inbata da batura biyu, mai ba da wuta idan an ɗauke. Na ce to, diski ɗaya za a ƙara, akwatin ya sake raba kayan a kan ukun, wuri ya ninka.

Rifkatu ta tambaya ko ba za a fara kwafe hotunan a wani wuri ba tukuna. Tambayar daidai take, ita ce ma tambayar da nake so a riƙa yi mini. Amma abin kwafewar na riga na sayar, kuma ban ga yadda zan faɗi haka a falon mutane ba. Sai na yi mata bayanin madubi, na ce ai kofi biyu gare su tun asali. Na faɗa da irin muryar da ba a yi wa gardama, ita kuma ba ta yi ba.

Washegari na je wurin Rasaki na sayo diski mai girma ɗaya da na cikin akwatin, a ledarsa. Na kashe akwatin, na ɗaura diskin a farantinsa da sukurori huɗu, na zura a rami na uku, na kunna. Fitilu biyu suka yi kore. Ta uku ta tsaya tana ƙiftawa ruwan lemo. Na kara kunnena, na ji diskin ya fara juyawa, ya yi ƙas, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake yin ƙas. A shafin akwatin kuwa rami na uku babu kowa.

Ku ji jerin abin da ake yi a nan, domin duk na yi su, kuma duk daidai ne. Na kashe na ciro, na duba bakin diskin ko akwai haƙorin da ya lanƙwashe, babu. Na hura ramin da famfon iska, ƙura ta fito, na goge. Na mayar, ƙas. Na canza zuwa rami na huɗu, ko na ukun ne ya mutu, ƙas. Na sassauta sukurori ko na matse shi ya karkace. Na sabunta manhajar akwatin, wanda ya ci mana kusan awa ɗaya da datar Rifkatu. Na nemo jerin diskin da akwatin ya yarda da su, namu yana ciki. Sau ɗaya, bayan kunnawa ta biyar ko ta shida, ya bayyana a shafin, na ce alhamdulillahi, kafin in kai hannu ya ɓace. Baba yana zaune a kujerarsa duk tsawon lokacin nan, hannu a kan sanda. Abin da ya ce kawai shi ne, a zamaninsu idan kyamara ta yi wannan ƙarar, sai a ba ta hutu.

Na ɗauko diskin na kawo shago na jona a kwamfutata. Ya tashi lafiya lau, babu ƙas, babu komai. Mai hankali a nan zai ce, to ba diskin ba ne. Ni kuwa na juya shi a hannu, na ga wani ɗan ƙarce kusa da ramin sukuri, wanda wataƙila ni na yi shi awa biyu da suka wuce. A lokacin ana ta maganar tsofaffin diski da ake goge musu tarihi a sake sa musu leda a sayar a matsayin sababbi. Na haɗa wannan da wancan, na haɗa da yunwar shekarar, na hau keke mai ƙafa uku zuwa cikin gari.

Shagon Rasaki yana cikin layin masu kayan lantarki, kuma da rana ba a rasa mutum biyar ko shida a benci. Ban kira shi gefe ba. Na ajiye diskin a kan kanta, na ce ban taɓa zaton zai sayar mini da gawa a cikin sabon likkafani ba. Na ce idan kasuwa ta yi masa zafi ya faɗa, kowa ma ta yi masa. Na ƙara wasu maganganun da suka fi waɗannan tsawo. Layin ya yi tsit. Rasaki ya ɗauki diskin ya duba, ya sa a ƙarƙashin kanta, ya shiga ciki ya fito da wani na kamfani dabam, ya yanke ledar a gabana, ya jona a kwamfutarsa ya juyo mini da fuskarta in ga bai taɓa aiki ko na awa ɗaya ba. Ya miƙo mini. Da na juya zan fita ya ce, "Isa, ka gaida gida." Shi ke nan.

Wannan na biyun, da na zura, fitila ta yi jinkiri kaɗan sannan ta koma kore. Na dubi Rifkatu na ce kin gani. Akwatin ya tambaya ko a haɗa shi da sauran a sake raba kaya, na ce a haɗa. Ya gargaɗe ni da jan rubutu cewa a tabbatar akwai kofi a wani wuri, na danna na yarda, kamar yadda kowa ke dannawa. Ya nuna aikin zai ɗauki fiye da kwana ɗaya. Na ce kada a kashe, kada a taɓa, kada a bar batura su mutu. Na haɗa jakata na tafi.

Ku fahimci abin da ke faruwa a irin wannan lokacin. Madubin nan da na yi alfahari da shi, daga minti na farko an fara rushe shi. Akwatin yana ɗebo kaya daga tsohon tsari yana shimfiɗa su a sabo, kaɗan kaɗan. Kafin ya gama, rabin hotunan suna wannan tsari, rabi suna wancan, kuma akwatin ne kaɗai ya san inda ya tsaya. Babu lokacin da kayan mutum suka fi zama a sarari kamar wannan.

Da safe, ina buɗe shago, Rifkatu ta kira. Ta ce akwatin yana kuka tun da suka tashi, fitilu biyu sun yi ja, kuma ta duba a wayarta babu folda ko ɗaya. Na tambaya an ɗauke wuta, ta ce an ɗauke amma inbata ba ta mutu ba, firji ma bai tsaya ba.

Na isa na tarar da abin da ta faɗa. Sabon diski ya fita, ɗaya daga tsofaffin ma ya fita, a lokacin da aikin ya wuce rabi. Da ɗaya ne ya fita, akwatin zai iya ɗingishi ya ƙarasa. Biyu kuwa, ya rubuta cewa ajiyar ta rushe, ya ba ni maɓalli guda na gyarawa da wani na gogewa a fara sabo. Ban taɓa ko ɗaya ba. Wannan ne abu na farko mai kyau da na yi a gidan. Na kashe shi, kukan ya tsaya.

Baba ya ce, "Injiniya, sun tafi ne?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ce wa Rifkatu ta kawo mini shayi. Ita ko maganar kofin da ta yi shekaranjiya ba ta tayar ba. Ta ajiye shayin a gabana a hankali ƙwarai.

Na yanke shawarar ɗauke akwatin zuwa shago. Wayar wutarsa ta bi ta bayan kabad, sai da muka ja kabad ɗin ni da Rifkatu. A can ƙasa, cikin yanar gizo, adaftar take, wato ɗan baƙin tubalin da ke rage wutar bango ya ba akwatin. Na kai hannu na ɗauka na sake ta, don zafi. Da ta huce na sake ɗauka. Ba ta da nauyi. Adaftar akwati mai rami huɗu ya kamata ta cika hannu, wannan kuwa kamar ta ƙaramar rediyo. Na goge takardar jikinta na karanta. Bolt sha biyu, daidai. Ƙarfin da take iya bayarwa kuwa bai kai rabin abin da aka rubuta a bayan akwatin ba.

Na tambayi Baba ko wannan ce ta zo da shi. Ya ce a'a. Ta asalin aradu ta ƙone ta a daminar bara, ranar da ta kashe musu talabijin. Shi ya ɗauki gawar ya kai kasuwa wurin masu kayan dish ɗin talabijin, aka ba shi wadda bakinta ya shiga, ya dawo ya jona, akwatin ya tashi, bai ga abin faɗa wa kowa ba. Rifkatu ma a lokacin take ji.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Ka tambayi inbata, na nuna maka inbata."

Na ciro tsofaffin diskin biyu na ajiye gefe, na zura wasu diskin da suka gama aiki, waɗanda nake yawo da su don gwaji, na sa mita a kan wayar. Da biyu, allurar lissafin tana tsaye a sha biyu, da ƙyar. Da na ƙara na uku, lokacin da ya yunƙura zai juya, sai ta faɗo ƙasa, diskin ya yi ƙas. Diski ya fi jan wuta lokacin tashi da lokacin aiki mai nauyi. Adaftar ta shekara tana ɗauke da biyu a iyakar ƙarfinta. Na farkon da na kawo ta kasa tayar da shi. Na biyun ya fi sauƙin tashi kaɗan, ta tayar da shi, sannan aka sa ukun aiki ba hutawa har ta yi zafi ta saki. Babu abin da ya sami diskin Rasaki. Mitar nan tana cikin jakata tun ranar farko.

Hanyar ceto ɗaya ce, kuma ku riƙe ta. Ba a gwaji a kan diskin asali. Ana kwafe kowannensu gaba ɗaya, ƙwaya ƙwaya, zuwa wani diskin, a kulle na asalin a durowa, a yi ta gwaji a kan kofin. Idan ka ɓata, ka sake kwafa. Wannan yana nufin ina bukatar diski uku manya marasa komai, da adafta ta gaskiya. A duk garin nan mutum ɗaya na sani da zai iya ba ni aron waɗannan.

Na sami Rasaki da mutane a benci, wasunsu ma na ranar ne. Na ce ina son magana da shi a gefe. Ya ce ranar ba a gefe aka yi ba. Na fara bayani ƙasa ƙasa, ya ce ba ya ji, janaretan maƙwabci yana damunsa. Babu janaretan da ke aiki a layin. Sai na ɗaga murya daidai yadda na ɗaga ta ranar, na ce diskin da Rasaki ya sayar mini sabo ne, lafiyarsa ƙalau, laifin adafta ne da kuma wanda bai duba ta ba, wato ni, kuma abin da na faɗa a kansa ƙarya ne. Wani a benci ya ce a maimaita wurin likkafanin, Rasaki ya ce ya isa. Ya tambayi na wane ne akwatin. Da na ce na Baba Danjuma mai hoto, ya ce ai Baba ne ya ɗauki auren iyayensa. Ya shiga ciki ya fito da diski uku, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda na mayar masa. Adaftar ba shi da ita, sai da ya yi waya aka saka a mota daga Legas.

Kwafewar ta ci kwana huɗu, don kwamfutar shagona ba yarinya ba ce, kuma ina kashe ta duk lokacin da hadari ya haɗo. Bayan nan na jona kofin ukun, na fara lallashinsu su yarda cewa tare suke. Kowane diski yana da ɗan rubutu a jikinsa da ke cewa ga inda aka tsaya, kuma na ukun ba su zo ɗaya ba, tunda biyu sun faɗi kafin ɗayan. Ana iya tilasta musu su haɗu a hakan, amma duk abin da ake rubutawa a daidai lokacin faɗuwar, sai yadda aka gani. Gwaji na farko bai ba ni komai ba. Na biyu ya ba ni sunayen folda babu ciki. Na sake kwafa, wasu kwana biyun. A na uku aikin rabon ya ci gaba daga inda ya tsaya, ya ƙarasa, foldoji suka fito a jere da sunayensu. Kafin in buɗe ko ɗaya na kwafe duka zuwa wani diski dabam, wanda wan Rifkatu ya turo kuɗi aka saya, wanda da shi ya kamata a fara.

Dubawar ta fi komai tsawo. Na mayar da akwatin da sabuwar adafta, na ɗora ta a kan kabad inda ido zai gan ta. Rifkatu tana buɗe hotuna a laftof, Baba ya matso da fuskarsa kusa da gilashin yana kiran sunaye. Mafi yawansu lafiya. Sai muka iso wasu foldoji da hotunan suka buɗe rabi: sama akwai, ƙasa toka. Amarya da ango daga kai zuwa ƙirji, daga nan sai fili. Na fara ba da haƙuri, Baba ya ɗaga hannu. Ya ce shekarun da ya yi yana wannan aiki babu wanda ya taɓa zuwa neman takalmin ubansa.

Amma akwai folda goma sha ɗaya da ba su buɗe ba sam. Sunan yana nan, girman yana nan, ciki shara. Na gwada duk abin da na sani, na kuma gwada abin da ban sani ba. Rifkatu ta rubuta sunayen a takarda ta karanta wa Baba. Guda tara ya ce masu su suna da nasu a bango, ko sun riga sun karɓa. Ɗaya ya ce mutumin bai bar kowa ba. Na ƙarshen da ta karanta shi ne Garba mahauci, unguwar Abattoir. Baba ya ce ɗan mutumin, Malam Sale, ya aiko neman hoton tun kafin a fara wannan aikin, an ce masa ya bari a gama gyara. Gidansu na cikin waɗanda suka ƙone, kuma uban sau ɗaya ya taɓa tsayawa gaban kyamara.

Rifkatu ta ce za ta kira shi a waya. Baba ya ce ba a faɗin wannan a waya. Na ce ni zan je, tunda ni na yi. Ya ce ni ban san hoton ba, sai dai in raka shi.

Muka hau keke mai ƙafa uku da hantsi. Malam Sale yana bakin teburinsa na nama, mutum ne mai furfura, ya girme ni. Ya goge hannu ya ba Baba benci. Baba ya faɗa masa kai tsaye, bai ambaci sunana ba. Ni na ƙara da cewa a hannuna ya lalace. Malam Sale ya dube ni, ya dubi wuƙarsa, ya mayar da ita kube. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sannan ya tambayi Baba ko yana tuna hoton.

Baba ya ce yana tunawa. Ranar Sallah ce, da yamma. Garba ya zo da farar riga mai aiki a wuya da hula zanna da ta yi masa yawa, yana ta tura ta baya. Ya shigo da keke har cikin situdiyo ya ce da shi za a ɗauka. Ya dafa sirdin da hannun hagu, don na daman akwai yanka a babban yatsa, an ɗaure da tsumma, ya ɓoye shi a baya. An ce ya yi murmushi ya ce shi ba yaro ba ne, amma daidai lokacin da za a danna wani ya yi atishawa a waje, bakinsa ya ɗan buɗe, a haka ya fito.

Malam Sale ya ce keken ba nasa ba ne, na maƙwabcinsu ne, mahaifinsa bai taɓa iya hawa ba. Yankan kuwa ya san shi, tabon yana nan har ya rasu. Wani ya zo sayen nama, ya ce masa ya dawo anjima. Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya nemo wurin ɗaukar murya, ya riƙe ta kusa da bakin Baba.

Ya ce, "Baba, sake faɗa daga farko. A hankali."

Baba ya sake faɗa, har da atishawar. Da ya gama, Malam Sale ya kunna ya saurara har ƙarshe, wayar a kunnensa, ƙudaje suna ta sha'aninsu a kan tebur. Sannan ya juyo gare ni.

"Injiniya, wannan a ina zan ajiye shi kada ya ɓace?"

Na ce, "Wuri biyu, Malam. In da hali, uku."

Ya miƙo mini wayar, na zauna a gefen bencin na yi masa.